Mijinyawa a Ƙofar Kore

A katin zamansa na Qatar an rubuta Umar Faruq, amma a ɗakinmu babu wanda ya taɓa kiransa da haka. Mijinyawa muke ce masa, sunan da ya zo da shi daga Funtuwa. Ya ce kakanninsa mata ne suka laƙaba masa, su uku a gida ɗaya, kowacce tana cewa mijinta ne. Ni sunana Ɗantala, mutumin Zariya. Shekara uku muka yi a ɗaki ɗaya da shi a masaukin kamfanin gadin da ya kawo mu, can bayan Asian Town, shi a gadon ƙasa, ni a na sama. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, shi ya sa nake ce masa Yaya.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka cire shi daga makaranta aka sa shi a injin niƙan kawunsa da ke gefen kasuwa. Shekara ashirin da biyu ya yi a wannan rumfar ta kwano. Masara, dawa, gero, alabo, wani lokacin barkono, duk ta hannunsa suke bi. Bel ɗin injin ya cinye masa kan yatsu biyu na hannun hagu tun a shekararsa ta biyu, aka ɗaure da tsumma, bayan sati ɗaya ya koma aiki. Ya ce mini idan ya tashi da yamma, daga gashin kansa har gashin idonsa fari fat yake zama, yaran unguwa na binsa suna kiransa tsoho. A haka ya yi aure, a haka matarsa Hannatu ta haifa masa 'ya'ya mata uku.

Fuka ta fara masa ne da ɗan tari bayan niƙan barkono. Daga baya ta daina jiran barkono. Akwai ranar da ya faɗi a bakin injin, aka ɗauke shi a kan babur zuwa asibiti, likitan ya ce masa ya zaɓa, ko injin ko ransa. Ya bar injin. Ya gwada sayar da rake, ya gwada acaɓa, ƙurar hanya ta hana shi. Ana cikin haka aka fara ɗibar masu gadi zuwa Doha, ana shirin gasar ƙwallon duniya, sai ya shiga layi. Gwajin lafiyar da ake yi wa baƙi na jini ne da hoton ƙirji, kuma fuka ba ta fita a hoto. Ya wuce, bai kuma faɗa wa kowa a kamfani ba. Ya san ba lalle a kore shi a take ba, amma idan lokacin sabunta kwantiragi ya zo, sunansa ne zai fara faɗowa daga takarda.

Ni kaɗai na sani, don ni nake jin ƙirjinsa yana fito daga ƙarƙashina idan sanyi ya shigo. Yana da ɗan abin shaƙa shuɗi da yake saya a kantin magani, yana ɓoye shi cikin safa a jakarsa. Ranar da na fara ganinsa yana shaƙa sai ya riƙe hannuna.

"Ɗantala, wannan tsakanina da kai ne."

Na ce, "To, Yaya."

Doha ta karɓe shi, wannan ba a musu. An ajiye shi a ƙofar wani rukunin gidaje a Al Rayyan, cikin ɗan ɗaki mai na'urar sanyi, aikinsa ɗaga sandar ƙofa da rubuta lambar mota. Ya yi ƙiba, kumatunsa suka fito. Ya san sunan kowane yaro a gidajen nan sittin, ya san motar makarantar kowa. Idan za su wuce sai ya sara musu da hannun nan mai guntayen yatsu, su kuma su tsaya su ƙirga. Akwai mage baƙa da ta haihu a bayan ɗakin gadin, shi yake raba abincinsa da ita. Ranar Juma'a kuwa shi ne mai tuwonmu. Ba ya yarda kowa ya sayo gari sai shi. Zai sa yatsa a cikin leda ya murza, ya ce wannan an niƙa shi da zafi, ko ya ce wannan dutsen injin ya cinye. 'Yan Indiyan da ke sayar da garin har sun gane shi, suna hango shi sai su ɗauko na ciki.

Burinsa ɗaya ne, kuma ya sha faɗa: babbar 'yarsa Shakira ta yi karatun ungozoma. Duk sakamakon jarrabawarta yana cikin wayarsa, ya nuna mana har mun haddace makin.

A watan Janairun bara, ranar Alhamis, sufabaiza ya shigo masauki ya ce ana neman mutum goma sha biyu ranar Asabar da safe. Wani taro za a yi, gudun nishaɗi na kilomita biyar, irin wanda mutane ke sa fararen kaya ana watsa musu hoda mai launi. Kamfaninmu ne ya samu aikin tsaro. Asabar ranar hutun Mijinyawa ce, babu wanda ya tilasta masa. Shi ya ɗaga hannu. Yaran rukunin gidajensa sun yi sati suna ba shi labarin gudun, ya ce yana so ya gan su, kuma ya ɗauki hoto ya aika wa 'ya'yansa. Na tambaye shi batun hodar. Ya ce ai mu masu gadi ne, wurin ajiye motoci za a kai mu, nesa da ita.

Mun isa filin kafin gari ya waye, muka yi sallar asuba a gefen bas. A nan ne sufabaiza ya ce shiri ya canja. 'Yan sa-kai da za su watsa hodar ba su cika ba, saboda haka shida daga cikinmu za su tsaya a ƙofofin launi. Ya karanto sunaye: da ni, da Mijinyawa, da Mas'udu, wani ɗan Zangon Kumasi da muke ɗaki kusa da juna, mu uku a ƙofa ta uku. Aka miƙo mana fararen riguna da wanduna marasa aljihu. Aka ce jaka da waya duk a bar su a cikin bas, hodar tana lalata waya, kuma dama ba a riƙe waya a kan diyuti.

Na dubi Mijinyawa. Ya sunkuya a bayan kujera kamar mai ɗaure takalmi, na ji ya shaƙa sau biyu. Sufabaiza yana tsaye a ƙofar bas yana cewa yalla, yalla, wato mu yi sauri, yana duban hannun kowa. Mijinyawa ya mayar da abin cikin safa, ya zuge jaka.

Na ce masa a hankali, "Yaya, ka ce ba ka da lafiya."

"Awa uku ne kawai. Na yi shekara ashirin a cikin ƙurar da ta fi wannan."

"Ita ce ai ta kawo ka nan."

Ya sauka daga bas.

Hanyar gudun zagaye ce, an killace ta da shingen ƙarfe hagu da dama. Ƙofofi huɗu aka kafa, manyan bakuna na roba da aka hura wa iska, kowacce da launinta. Ta farko ruwan ɗorawa, ta biyu shuɗiya, tamu koriya, ta ƙarshe ruwan hoda. A gindin tamu an jera ganguna shida cike da hoda, da gorunan roba da ake matsawa su feso. Mijinyawa ya buɗe ganga ɗaya, ya sa yatsa ya murza, ya kai hancinsa, sannan ya ɗan taɓa a harshe.

"Masara ce," in ji shi. "Garin masara ne aka wanke aka rina. Dubi laushi, ko na koko bai kai shi ba." Ya yi 'yar dariya. "Na baro shi a Funtuwa, ashe ya riga ni zuwa."

Mas'udu ya ce, "Abinci ke nan za mu zubar a ƙasa?"

"Buhu ashirin, in ban yi ƙarya ba," in ji Mijinyawa. Ya daɗe yana kallon gangunan.

An ba mu takunkumin takarda, mun sa. Ana saura kaɗan a fara, wata mata daga masu shirya taron ta iso da masu ɗaukar hoto biyu. Ta ce mu cire, ana son a ga fuskokinmu muna murmushi, idan masu hoto sun gama ma mayar. Muka cire. Ni na tura nawa cikin wuyan riga. Mijinyawa ya ajiye nasa a kan murfin ganga, rukunin farko na masu gudu suna isowa iska ta ɗauke shi, aka tattake.

Ban taɓa ganin mutane masu farin ciki da yawa haka a wuri ɗaya ba. Dubbai ne, ana sakin su rukuni-rukuni. Larabawa, Turawa, 'yan Filifin, 'yan Indiya, mata da lulluɓi da marasa lulluɓi, iyaye na tura jarirai a keke an rufe su da leda. Yawancinsu ba gudu suke ba, tafiya suke suna rawa, ga kiɗa daga manyan lasifikoki har ƙasa na girgiza. Suna isowa ƙofarmu sai su buɗe hannuwa su rufe ido, mu kuma mu matsa gora. Da farko Mijinyawa ya fi kowa jin daɗi. Ba ya fesa wa yara a fuska, durƙusawa yake ya zuba musu a tafin hannu. Wasu 'yan mata biyu daga gidajen da yake gadi suka gane shi, suka rungume shi, ya sara musu, suka wuce suna waiwaye.

Safiyar ba iska sosai, hodar ba ta tafiya ko'ina. Mai gudu yana ratsa ta cikin daƙiƙa goma ya fita. Mu muna tsaye a cikinta. Kafin awa ɗaya ba na iya ganin Mas'udu a ɗaya gefen hanyar, sai inuwarsa. Yawuna ya zama kore. Na mayar da takunkumina, na ce wa Mijinyawa ya karɓa, ya ture hannuna. Ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci.

Wajen ƙarfe takwas da rabi na ga ya daina durƙusa wa yara. Can kuma na ga ya jingina da ganga, kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka. Na matsa kusa. Duk da kiɗan nan ina jin fiton ƙirjinsa.

"Yaya, zo mu fita daga nan."

Na ja shi bayan ƙofar, na zaunar da shi a gefen shinge. Ko a can hodar tana sauka a kanmu. Maganarsa ta koma ɗaya-ɗaya.

"Jakata. A bas."

"Bari in kira masu motar asibiti."

Ya damƙe rigata da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "Kar ka. Faɗa musu. Jakar kawai."

Rediyon sadarwa yana hannun sufabaiza, sufabaiza kuma yana can wajen ƙofar shiga. Na ƙwalla wa Mas'udu kira, na ce ya tsaya a kansa. Bas ɗinmu yana bayan wurin da ake gama gudun, kuma babu hanyar zuwa can sai ta cikin shingen. Na shiga cikin masu gudu.

Kilomita ɗaya da rabi ne, ko fiye kaɗan. Ina kutsawa tsakanin mutane, ina ture wasu, wasu na tafa mini don sun ga ina gudu da gaske. Wani Bature mai gashin roba a kansa ya bi ni yana ihu yana son mu yi tsere. Da na iso ƙofa ta huɗu, abokan aikinmu da ke wurin ba su gane ni ba, suka feso mini ruwan hoda a fuska, ya shiga idona, na ci gaba ina gani da ido ɗaya. A layin ƙarshe an matse hanya, mutum ɗaya-ɗaya ke wucewa. Wata yarinya 'yar sa-kai ta tare ni da murmushi, ta rataya mini lambar yabo a wuya, wani ya tura mini gorar ruwa. Na ce su ba ni hanya, ba su ji ba, kiɗa ya yi yawa.

Tantin masu ba da agajin gaggawa yana nan a damana, da motarsu a buɗe, mutum uku a zaune suna shan shayi. Na gan su. Na wuce su na nufi wurin motoci, saboda abin da ya ce mini ke nan.

Babu bas. Na zaga layin farko, na zaga na biyu, na koma inda muka yi sallah, ga shatin tabarmarmu a ƙasa. Wani mai gadi ɗan Nepal ya ce direban ya tafi ɗauko 'yan wani diyutin, sai ƙarfe goma zai dawo. Ban san minti nawa na ɓata a wurin ba. Na sha lissafawa, wani lokacin in samu shida, wani lokacin goma.

Sannan na koma tantin. Na haɗa Turanci da Larabci na ce abokina ba ya numfashi, ƙofa ta uku. Ba su yi gardama ba, biyu suka ɗauki jakunkuna da tukunyar iska, muka hau wata ƙaramar mota mai batir. Amma dole muka bi hanyar a juye, muna fuskantar dubban mutane, direban na danna oda su kuma suna ɗaga mana hannu suna dariya.

Da muka iso, an kwantar da shi a kan kwalta. Wata mata tana durƙushe a kansa, ta ɗora hannu a kan hannu tana danna ƙirjinsa tana ƙirgawa. Hijabinta da rigarta duk launi ne, rawaya da shuɗi da kore. 'Yan mata biyu ƙanana suna tsaye a jikin shinge riƙe da hannun juna, 'ya'yanta ne. Daga baya na san sunanta Dakta Haulat, 'yar Kaduna, likitar yara a wani asibiti a nan. Ta zo gudu da 'ya'yanta ne, ta ji Mas'udu yana salati yana kiran sunan Mijinyawa da Hausa, ta tsallako.

Masu agajin suka karɓe ta, suka yanka rigarsa, suka manna masa wayoyi. Ta miƙe tana haki, ta dube ni.

"Kai ne abokinsa?"

"Ni ne, Likita."

"Yana da fuka?"

"Yana da ita."

"Ina maganinsa?"

"Yana cikin bas. Bas ɗin ya tafi."

"Ka sani, kuma aka tsayar da shi a nan?"

Ta dubi lambar da ke wuyana, sai a lokacin na tuna da ita. Na cire na jefar a bayan shinge.

Duk wannan abin da ake yi, gudu bai tsaya ba. Babu wanda ya ba da umarnin a tsaya. Mutane na isowa ƙofar suna buɗe hannuwa, ba mai fesa musu, sai wasu suka fara ɗiba da kansu daga ganga suna watsa wa juna, hodar na sauka a kan masu agajin. Mas'udu ya je ya rufe gangunan ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kan ta ƙarshe yana kuka. Wasu sun tsaya sun ɗauki hoto. Yawanci ba su lura ba.

Zuciyarsa ta dawo a cikin motar asibiti. Da na ji haka bayan mun koma, na yi sujada a tsakar masauki. Washegari bayan na tashi daga diyuti na je, na same shi a ɗakin masu tsananin jinya, bututu a bakinsa, inji yana ɗaga ƙirjinsa yana saukewa. An goge masa jiki, an aske masa gefen gemu don manna filasta. Na kira shi Yaya, na ce Ɗantala ne. Idonsa a ɗan buɗe yake, amma ba ya kallon komai.

Ba asibitin Dakta Haulat ba ne, amma kullum sai ta zo. Ita ta zaunar da ni a baranda ta fassara mini abin da likitocinsa suka faɗa.

"Malam Ɗantala, ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska. Tasa ta daɗe babu. Injin ne yake numfashin, ba shi ba."

"Da na fara zuwa tantin nan, Likita, da ya tashi?"

Ta juya makullin motarta a hannu.

"Ban sani ba. Wataƙila. Ba zan ce maka a'a ba don in kwantar maka da hankali. Amma kafin kai akwai waɗanda suka karɓe masa jaka, da waɗanda suka ce ya cire takunkumi." Ta ɗan tsaya. "Ni ma na biya kuɗi na sa 'ya'yana a layi. Ban taɓa tambayar kaina su waye ke tsaye a cikin hodar ba."

Ita ta kira Hannatu, don na kasa. Ina zaune ina jin muryar matar daga wayar, ba ta yi kururuwa ba, tambaya ɗaya take maimaitawa, wai me ya kai shi wurin gari. Ranar Laraba bayan la'asar ya cika.

A ofishin kamfani aka kira ni, aka ajiye mini takarda da Turanci. An rubuta cewa marigayin yana da ciwon da ya ɓoye wa kamfani, kuma ni na sani. Gaskiya ne, na sa hannu. Na ce a ƙara da cewa an hana mu riƙe jaka, an ce mu cire takunkumi, kuma bas ya tafi. Mutumin da ya ajiye mini takardar ya ce wannan ba ya cikin tambayar da aka yi mini, khalas, magana ta ƙare. Dakta Haulat ta rubuta tata wasiƙar mai shafi uku, ta kai inda ya kamata, ta ce in an kira ni shaida kar in ji tsoro. Har yau ba a kira ni ba. Na ga hotunan taron a waya bayan kwana biyu. Akwai ɗaya da Mijinyawa ya fito a gefe, a durƙushe, yana zuba wa wata yarinya kore a tafin hannu, haƙoransa duka a waje.

'Yan'uwansa suka ce a binne shi a nan, kar a wahalar da gawa. Sati ɗaya takardu suka ɗauka. A maƙabartar Abu Hamour aka yi masa sutura. Mai wankan wani dattijo ne ɗan Sudan, ya ce mutum biyu daga danginsa su shigo su taimaka, muka shiga ni da Mas'udu. Duk gogewar da aka yi masa a asibiti, da aka zuba ruwa a kansa sai ya gangaro kore-kore. Yana cikin lungun kunnensa, yana gindin gashinsa, yana ƙarƙashin farcensa. Dattijon ya sa auduga yana sharewa a hankali, ya canja, ya sake sharewa. Ya tambaye ni da Larabci ko mai fenti ne. Na ce mai gadi ne. Sai da muka yi wanki biyar ruwan ya fito fari.

Mutum kusan arba'in suka sallace shi. Akwai direbobi, akwai masu gadi da suka roƙi awa biyu, akwai injiniyoyi da malaman jami'a da Dakta Haulat ta sanar wa ta hannun mijinta, mutanen da ba su taɓa ganinsa da rai ba. Wani Bafalasɗine daga gidajen da yake gadi shi ma ya zo, ya ce bai faɗa wa 'ya'yansa ba tukuna, sun ɗauka Umar ya tafi hutu.

Bayan Hannatu ta fita takaba ta aiko mini saƙo, ta ce tana son ganin inda yake. Ranar wata Juma'a da hantsi na hau mota na je, na kira ta ta bidiyo. Tana zaune a tsakar gida, Shakira a bayanta, ƙananan biyun sun leƙo ta kafaɗarta. Na juya wayar. Filin fari ne, shimfiɗe, kaburbura a jere kamar an auna da igiya, kowanne da ɗan allo mai lamba.

"Wanne ne, Malam Ɗantala?"

Na matsa na nuna mata. Ta ce in karanto lambar, Shakira ta rubuta a bayan littafinta.

"Ba bishiya ko ɗaya?"

"Babu, Yaya Hannatu."

"Su waye a gefensa?"

Na duba. Na dama babu suna, lamba ce kawai. Na hagu wani ya rubuta suna da fenti, da rubutun da ban iya karantawa ba, ina jin na Bangladesh ne. Na faɗa mata haka.

"To," in ji ta. "Ka yi musu addu'a su ma. Su ne maƙwabtansa yanzu."

Na tsuguna na ajiye wayar a kan gwiwata, muka ɗaga hannu tare, ni a nan, su a can. Kafin mu shafa, layin ya yanke. Na jira ko za ta sake kira, ba ta kira ba. Na ƙarasa addu'ar ni kaɗai, na tashi na nemi motar komawa, don ƙarfe biyu zan karɓi ƙofa.